Yadda Aka Bi ta Hannu Aka Gyara Zuciyar Inno

Tun ranar da na dawo makaranta ban ci ƙosaina cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ta ja hijabina, waccan ta ja jakata. Kulu, yaya Abuja? Kulu, da gaske an tsaga kakarki? In na buɗe baki na fara, kafin labarin ya kai Gusau sai wata ta ce, "To, rediyo ya kama tasha," a yi ta dariya. Saboda haka na yage tsakiyar littafin lissafina, zan rubuta sau ɗaya tak, ku karanta ku miƙa gaba. Ban musa ba, ina ƙara wa labari gishiri. Amma wannan karon gishirin nawa ne ya yi aiki, kuma har yau babu wanda ya ce mini sannu.

Inno ita ce ta haifi Ummana. A Jangeru take, can bayan Shinkafi. Bafulatana ce doguwa, ta yi shekaru tana ɗauko ƙwaryar nono a ka zuwa kasuwa, kuma ban taɓa jin ta ce wash ba. Da na je hutu wajenta bara, sai na lura da wani abu. Daga gidanta zuwa rijiyar burtsatse tafiyar da zan yi ne da ƙafa ɗaya, amma sai ta tsaya gida biyar gaisuwa. Mutane suna ta yabo, wai Dije, sunanta ke nan, akwai zumunci. Ni da ke biye da ita da bokiti na ga abin da ba su gani ba: duk inda ta tsaya sai ta jingina da katanga, hannunta na cikin mayafi yana danne ƙirji, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Ba gaisuwa take yi ba, numfashi take nema.

Na dawo Kaura na gaya wa Umma. Ta ce, "Ke da ƙarinki." Na gaya wa Baba. Ya ce in je in yi aikin gida. Sai da Inno ta zame ta zauna a bakin rijiya ta kasa tashi, sannan aka yarda. Umma, da tsohon cikinta, ta kai ta asibiti a Gusau. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana wasu layuka a takarda. Likita ya ce hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciyarta ne suka fara toshewa. Ya ba ta wata 'yar ƙwaya da ake sa wa a ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, ya kuma rubuta takarda zuwa wani babban asibiti a Abuja inda suke bincike a kan wannan ciwo.

Kafin ranar tafiya Umma ta haihu. Kawu Bello, ɗan Inno namiji tilo, yana can arewa da shanu inda waya ba ta shiga. Saboda haka wanda ya rage ya kai ta shi ne Baba, wato surukinta. Ni kuma aka ce in bi su don in riƙa yi mata hidima.

Kun san kunyar surukai a wajenmu, amma ta Inno da Baba ta wuce ta kowa. Shekara goma sha bakwai ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya je gaishe ta, daga zaure yake cire takalmi ya durƙusa ya gai da bango, ita kuma daga cikin ɗaki ta amsa wa bango. Waɗannan mutane biyu su ne za a zuba a mota ɗaya tun safe har magariba. Babu babba ko ɗaya a danginmu da ya ga matsala a nan. Ni na gani, na kuma faɗa, aka ce in rufe baki.

A tashar Shinkafi muka haɗu da ita. Wani ɗan uwa ya kawo ta a babur bayan rana ta ɗaga, don yanzu ba mai kama hanya sai an ji daga waɗanda suka fara wucewa cewa lafiya. Kayanta kuwa kamar za ta tare a Abujan: tabarma, buta, ƙwarya biyu, dawon fura a leda, kwalbar man shanu, da kwando rufe da tsumma. Na ɗaga tsumman, wani abu ya sare ni a yatsa.

"Inno, mi ne ne wannan?"

"Zabuwa ce. Ta likita. Mutum na zuwa wurin mutane hannu sake?"

Direbanmu mutumin Zurmi ne, gajere mai surutu, kowa Ɗan Zurmi yake ce masa. Sai da ya kusa yin kuka kafin a zauna. Inno ta ce ba za ta zauna inda za ta riƙa kallon ƙeyar Baba ba. Aka mai da ita gaba, ta ce a nan kuma shi zai riƙa kallon tata. Ba ta faɗa da baki ba fa, ni take raɗa wa, ni kuma in shelanta. A ƙarshe aka sa Baba kusa da direba, aka sa ta can lungun baya, aka jera buhun albasa biyu a tsakani. Ni aka matse tsakanin Inno da albasa. Har yau in na yi atishawa miya nake ji.

A Kaura aka ƙara fasinja, cikinsu da wata mata mai jiki daga Gurbin Bore. Ba a yi nisa ba ta tambaye ni ina za mu. Na ce asibiti, ciwon zuciya ne.

"Ciwon zuciya? Allah sarki. Ai wannan ɓacin rai ka kawo shi. Wa ya ɓata wa baiwar Allah rai?"

Na ce likita ya ce jijiya ce ta toshe.

"Likita bai san gida ba. Wancan na gaba, ɗanta ne?"

"Surukinta ne."

"Ahaf!"

Daga nan har Gusau matar nan ba ta ɗauke ido daga hular Baba ba. Tana ta ba mota labarin surukan zamani marasa tsoron Allah. Baba bai iya kare kansa ba, don in ya yi magana ya yi maganar surukarsa a gabanta ke nan. Inno ma ba ta iya wanke shi ba, don in ta yi ta yabe shi a gabansa ke nan. Ni na so in yi, amma gaskiya ina jin daɗin abin.

Shingayen jami'an tsaro kuwa na ƙirga ɗari uku. To, na ji, ba su kai ba, amma sun yi yawa. Wanda ba zan manta ba shi ne na wajen iyakar Zamfara da Katsina. Wani mai kaki ya leƙo, ya ji maganar Inno, ya ji an ce Jangeru, sai ya ce wai mu 'yan Nijar ne, a kawo kati. Inno fa, wadda ta girmi katin da mai katin da uban mai katin! Baba yana neman takardu, shi kuma ya sa hannu ya yaye tsumman kwando. Zabuwa ta yi tsalle ta dira a kafaɗarsa, ta yi ihu a kunnensa, ta faɗa gonar dawa. Sai ga ƙarti uku da manyan takalma suna bin zabuwa cikin kara, Ɗan Zurmi yana ba su umarni daga kan mota. Da suka kamo ta sun manta da zancen kati. Inno ta karɓi abarta, ta duba fukafukanta ɗaya bayan ɗaya.

A Funtuwa aka tsaya salla da abinci. Kowa ya ci. Baba ya aiko ni da shinkafa da wake in kai mata, shi kuma ya koma can bayan wata tirela don kada ta gan shi. Duk da haka ta ce ta ƙoshi, wai ai ya san tana ci. Tun asuba babu abin da ya shiga cikinta.

Mun kusa Zariya na ji jikinta ya sandare a jikina. Na duba. Leɓɓanta sun yi fari, hannun nan yana cikin mayafi. A zaune take fa, ba tafiya ba, ba ɗaukar kaya ba. Na ciro 'yar ƙwayar na ce ta buɗe baki. Ta girgiza kai, ta nuna mini madubin direba da ido: daga can Baba zai iya hango ta. Nan dariya ta ƙare mini. Na cire babban hijabina na lulluɓe mu duka biyu kamar rumfa, na ce, "To, yanzu ko aljani ba shi ganinki." Ta buɗe baki na sa mata. Muna cikin rumfar nan ina ƙirga numfashinta har ya daidaita. Da ta samu kanta, abin da ta fara cewa shi ne, "Kada ki kuskura ki hwaɗi." Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Da magariba muka sauka a wata unguwa a bakin Abuja, gidan Malam Sanusi, tsohon ɗalibin Baba. Ɗaki ɗaya ne da falo, a wani gida mai ƙofofi goma sha biyu, kuma duk cikinsu babu wanda ya fito ya ce mana sannu da zuwa. Inno ta bi ƙofofin tana sallama. Wani ya buɗe, ya ce ba ya sayen komai, ya rufe. A Jangeru in baƙo ya sauka, kafin ya wanke ƙafa akushi huɗu sun iso. A can ruwan wanke ƙafar ma sai an jira mai kura.

Amma babban abin mamaki yana cikin falon. Matar Malam Sanusi 'yar Lakwaja ce, kuma uwarta ta zo musu kwana biyu. Aka kawo teba da wata miyar ganye mai barkonon da zai tashi matacce. Sai ga Malam Sanusi ya ja kujera ya zauna kusa da surukarsa, ƙafa da ƙafa. Ta kira shi da sunansa, gatsau. Ta ɗauki nama daga kwanonta ta sa masa a nasa. Ya ce mata ta cika cin gishiri, ta ce masa ya cika tumbi, suka yi ta dariya. Inno ta kama hannuna ta matse har sai da na ji ƙashi.

"Kulu, wagga mata uwar matatai ce?"

"Ita ce."

"Kuma yana haɗiya tana kallo?"

"Har ƙari ya nema."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, wai ita take jin kunyar a madadinsu. Baba kuwa tun da ya ga an fara zuba abinci ya ce zai je masallaci, can ya ci, can ya kwana. Sai da ya fita Inno ta dama furarta ta sha.

Da safe muka tafi asibiti. Mai gadi ya hana zabuwa shiga, aka mai da ita gida, daga baya na ji uwar matar Malam Sanusi ta yi mata farfesu. Ginin hawa-hawa ne, akwai wani ɗan ɗakin ƙarfe da ke ɗaga mutane sama. Inno ta yi sallama kafin ta shiga, ba wanda ya amsa. Da ta ga Baba zai shigo, ta fito. Da ya ga ta fito, shi ma ya fito. Ɗakin ya rufe ya tafi ba kowa. Sau biyu ana haka. A ƙarshe shi ya bi matakala, hawa huɗu, muka same shi yana haki kamar shi ne mai ciwon.

Likitar wata 'yar Kudu ce, ƙarama, mai tabarau, fuskarta da fara'a. Hausarta duka-duka "sannu" ce. Saboda haka Baba ne tafinta. Ku dubi zaman: likita na kallon Inno, Inno na kallon bango, Baba na kallon ƙofa, ni ina tsaye riƙe da buta.

Likita ta yi tambaya. Baba ya sunkuyar da kai ya ce wa ƙofa, "Ana tambaya, ko ƙirjin yana ciwo yanzu."

Inno ta ce wa bango, "Lahiya lau."

"Ana tambaya, in ana tafiya fa."

"Da sauƙi."

"Ana tambaya, ko yana tasowa in ana zaune."

"Alhamdu lillahi."

Baba ya juya duka zuwa Turanci, bai rage ba, bai ƙara ba. Likita ta duba takardun Gusau, ta duba gwajin da aka yi da safen, ta ce na yau bai nuna tashin hankali ba. Turancina na aji huɗu ya ishe ni in gane sauran. Ta ce tun da ciwon ya lafa, kuma ba ya zuwa in tana hutawa, ba sai an shiga jijiya yanzu ba. A ci gaba da magani, a dawo bayan wata uku.

Wata uku! Matar da jiya-jiya leɓɓanta suka yi fari a zaune. Bijiminta da aka sayar don tafiyar nan ba zai sake sayuwa ba, kuma ni na san in Inno ta koma Jangeru, ko da igiya ba mai sake fito da ita. Na ajiye buta na ce da Turanci, "Ba gaskiya ba ne. Jiya ya kama ta a mota."

"Kulu!" in ji Baba. Sannan ya juya wajen likita yana murmushin ban haƙuri, ya ce kada ta damu da ni, a gida ma rediyo ake ce mini. Rediyo! A gaban baƙuwa, a Abuja, a hawa na huɗu! Likita ta yi dariya, ta ɗauki biro ta fara rubuta magani.

Ba wai Baba mugu ba ne. Ya san akwai magana. Amma ya yarda da ni yana nufin ya ce surukarsa ta yi ƙarya, kuma gara masa ya haɗiye biron likitar da ya faɗi haka.

Na tattaro duk Turancin da aka taɓa dukana a kansa. Na nuna Baba na ce wannan 'yarta yake aure. Na ce a garinmu ba ta iya cewa tana jin ciwo a gabansa, ko ruwa ba ta sha. Na ce in yana ɗakin nan, ko ƙafarta aka yanke lafiya lau za ta ce. Likita ta daina rubutu. Ta cire tabarau ta tambayi Baba ko haka ne. Ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ba a ce masa ya fita ba. Da kansa ya miƙe, ya ce wa ƙofa, "Allah shi ƙara sauƙi," ya buɗe ta ya fita.

Na ɗauka an gama. Ina! Inno ta gane na tona ta, ta ɗaure fuska. Likita ta sake tambaya, na fassara, ta ce, "Lahiya lau." Yanzu kuma ni take yi wa fushi.

Sai na ce, "To shi ke nan, Inno, ni zan gaya mata da kaina. Zan ce kullum sai kin suma sau goma."

Ta mai da fuska bango.

"Zan ce in ya taso kuka kike yi da hawaye, kina birgima a tsakar gida, kaji na gudu."

Ta juyo. "Ke ɗiyar ga, ki ji tsoron Allah."

"Zan ce jiya a mota kin yi ta ihu, kina kiran sunan Baba, sunansa na yanka, wai ya zo ya cece ki." Na juya wajen likita na buɗe baki kamar zan fara.

"La'ilaha illallahu! Ni? Ni Dije?" Ta miƙe zaune, ta fizgo hannun likita. "Ƙarya takai, baiwar Allah, kada ki rubuta! Ban taɓa kuka ba. Ban kira kowa ba. Dutse ne dai aka ɗora min nan." Ta dunƙule hannu ta danna a tsakiyar ƙirji. "Shi sauka nan," ta bi hannun hagu har yatsu, "shi hau nan," ta taɓa muƙamuƙi. "Kuma ba sau goma ba, sau ukku ne jiya. Guda da asuba bisa tabarma, guda a mota, guda da za ni kwanta. Da can sai na yi tahiya. Tun watan jiya ko ina zaune zuwa yakai. Hwaɗa mata hakanan, maƙaryaciya, in kin ƙara ko ɗaya ban yahe ba!"

Na faɗa mata haka nan. Karo na farko a rayuwata na ba da labari ban sa ko ƙwayar gishiri ba. Likita ma kusan ba ta buƙace ni ba, hannun Inno ya riga ya gaya mata. Fara'ar nan ta ɗauke daga fuskarta. Ta soke abin da ta rubuta, ta ɗaga waya, kafin in ɗauki butata an kawo keken marasa lafiya. Ta ce ba inda Inno za ta, yau za a ba ta gado.

Washegari aka yi aikin. Da aka yi mata bayani cewa ba za a tsaga ƙirji ba, ta wuyan hannu za a zura wani siririn bututu ya bi jijiya har zuciya, kuma idonta biyu za a yi, sai ta dube ni. Ta ɗauka ni ce na ƙara. Sai da aka nemo wata nas 'yar Zariya ta maimaita mata. Ta ce, "Zuciya na nan, mi ya kai su hannu?" Nas ta ce hanyoyin jini duk a haɗe suke, kamar yadda za ka shiga ƙaramin rafi ka bi shi har gulbi. Inno ta ce to, wannan ta gane.

Ba a bar ni na shiga ba, duk da ni na kawo maganar. Ni da Baba muka zauna a benci. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kulu, abin da kika yi jiya rashin kunya ne."

Na ce, "To, Baba."

Ya ja carbi ya kai ƙarshe ya sake dawowa. "Allah shi yi miki albarka."

Ban san wanne zan riƙe ba, sai na riƙe na biyun.

Da aka gama, likita ta kira mu ta nuna mana hoton a allo. Jijiyoyin zuciyar Inno kamar saiwar bishiya, baƙaƙe, suna motsi. Ta nuna wani wuri a babbar cikinsu inda ta tsuke ta zama kamar zare, kamar gulbinmu a ƙarshen rani in ya rage ɗan siririn ruwa a tsakiyar yashi. Ta ce an hura wani ɗan balan-balan a wurin ya buɗe, aka bar wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare shi. Ta nuna hoto na biyu, ga hanya ta cika fal. Baba ya tambaye ta da an jira wata ukun fa. Ta ce ba ta san gaibu ba, amma ta gode da ba a jira ba. Ramin da aka bi kuwa, tsagar wanzami ta fi shi girma. In kun ce wannan ma ƙari ne, Allah ya isa.

Kafin a sallame mu likitar ta zo da takardu. Ta ce suna bincike a kan yadda mata ke bayyana wannan ciwo, don sau da yawa sai ya yi nisa ake gane shi, ko Inno ta yarda a sa bayaninta. Inno ta ce in dai za a rubuta cewa ba ta yi kuka ba. Ta dangwala yatsa. Sannan likita ta zaunar da ni ta yi ta tambayata zancen surukai: wa ke jin kunyar wa, suruka mace fa, ɗan fari fa. Na ga da idona ta ƙara layi da biro a ƙasan takardar tambayoyinsu: wa ya yi tafinta, kuma mene ne shi a wajen mara lafiya. Na ce to a ina za a sa sunana. Ta ce a irin wannan bincike ba a sa sunan kowa. Kun ji fa. Layi guda nawa ne a binciken Abuja, kuma ko Kulu ba a rubuta ba.

Aka ba Inno ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum, aka ce ko na rana ɗaya kada ta tsallake, don ragar nan ba ta son wasa. Wannan bai dame ta ba. Da aka ce ta rage man shanu ne ta ce a mai da ita ɗakin a cire musu ragarsu.

A hanyar dawowa ba abin da ya canja, sai dai yanzu rumfar hijabi ta zama doka. A cikinta ta sha magani, a cikinta ta ci burodi a Funtuwa. A Kaura mutane suka cika gidanmu, kowa yana yabon Baba, wai Malam ya yi ƙoƙari, Malam ya kyauta, irin surukin da ake nema ke nan. Inno kuwa duk wadda ta zo dubiya sai ta nuna ni ta ce, "Wagga ta kunyata ni gaban likita." Umma ma da na ba ta labarin ragar ƙarfe cewa ta yi, "Ke dai Kulu."

Bayan sati biyu aka mai da ita Jangeru, aka ce in bi ta in ga tana shan magani. Kwana uku da isarmu ta ɗauki tulu ta ce rijiya za ta. Na ce an hana ta ɗaukar nauyi tukuna, na ƙwace, na bi ta a baya. Muka zo gida na farko, na rage tafiya don na saba. Ba ta tsaya ba. Gida na biyu, ta ɗaga hannu kawai. Na uku, na huɗu. Ina kallon hannunta, yana waje yana lilo, bai shiga mayafi ba.

A gida na biyar Goggo Ige, ƙawarta, tana zaune a ƙofa tana tsince wake, har ta matsa ta gyara mata wurin jingina. Ta ga mun wuce fuu.

"Ke Dije! Ba ko tsayawa? Lalle Abuja ta sa miki girman kai!"

Inno ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta ce, "Gaisuwar da na yi muku bara ta ishe ku shekara ukku."

Ni kuwa sai da na haɗa da gudu, tulu yana dukan gwiwata, ina kiran Inno ki jira ni. Ta ce in ɗaga ƙafa, wai yaran yanzu ba su da ƙarfi.